Ɗorawar da ke Cikin Wayar Bakoji

A unguwarmu, can wajen Saminaka ta Birnin Gwari, idan ka ji mutum yana zuba bayani ba wanda ya tambaye shi, kada ka wahalar da wuyanka wajen waiwaye, Bakoji ne. Na san shi tun yana yawo ba wando. Uwarsa da bakinta ta ce ya iya gardama kafin ya iya tafiya. Yanzu ya haura arba'in, ga gemu ga tumbi, amma abin da ya ƙaru a kan nan nasa hula ce kawai. Shi ne ya taɓa cewa a bar masa gyaran injin niƙan unguwa, muka yi wata guda muna daka a turmi.

Ni kuwa sunana Lailatu, daddawa nake yi shekara talatin da ɗoriya. Duk daddawar nan daga itace ɗaya take fitowa, wata ƙatuwar ɗorawa da ke ƙarshen gonar da maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bar mini, daf da bakin daji. Gonar Bakoji tana manne da tawa. Maigidana da uban Bakoji su suka shuka gamba a tsakani, layi guda, ɗorawa tana ɓangarena da taku huɗu. Haka ake iyaka a wajenmu, ba takarda ba siminti.

Da ranin bana Bakoji ya tashi ƙona karan gonarsa da tsakar rana ana iska. Wuta ta cinye kara, ta cinye gamba, ta haɗa da rabin bukkarsa. Da ƙasa ta yi baƙi ba a ganin layin kowa, sai ya ɗaga kai ya ga ɗorawa ta yi 'ya'ya har rassa suna rinjaya. Nan take ya tuna cewa ai itacen ubansa ne.

Muka tafi gaban Mai unguwa Isiyaku. Dattijo ne mai ciwon gwiwa, maganarsa kaɗan, kuma ba ya dariya sai da gefen baki.

“Ranka ya daɗe,” in ji Bakoji, “tun ina ƙarami Baba ya nuna mini wani dutse da ya kafa bayan ɗorawar nan, ya ce ga iyaka.”

Na ce, “Ubanka ko murhu bai taɓa kafa wa uwarka ba, balle dutsen iyaka.”

“Inna, ki bari manya su yi magana.”

“Manyan ina? Ni na goya ka ranar sunanka, ka jiƙa mini sabon zani.”

Mai unguwa ya ɗaga hannu muka yi shiru. A al'ada dattawa kan taka har gona su bi iyaka da ƙafa. To gwiwarsa ba ta kai shi, kuma yadda dajin nan ya zama a 'yan shekarun nan ba mai son jan tawagar tsofaffi zuwa bakinsa. Ya sa aka je aka ɗaura tufkar ciyawa a gindin ɗorawa, alamar ba mai taɓa ko kwanso ɗaya sai an yanke magana. Ni na san abin da wannan ke nufi. Birai ba su san tufkar ciyawa ba. Kowace safiya aka ƙara, daddawata ta shekara ce ke shiga daji a cikin cikinsu.

A nan Bakoji ya zaro waya daga aljihu, wata mai faɗi kamar marfin tukunya, fuskarta a tsage daga sama har ƙasa.

“Ranka ya daɗe, wa ke zuwa gona a zamanin nan? Gona ce za ta zo wurinka. Akwai wani hoto da ake kira fanorama. Mutum zai tsaya wuri ɗaya ya juya, waya ta haɗiye duniya gaba ɗaya ta miƙe ta kamar tabarma. In kana son ganin abu kusa, ka ɗora yatsu biyu ka buɗa, zai zo har hancinka. In kana son ganin duka, ka tsuke. Ko tururuwa ce ta yi atishawa a gonar nan sai na nuna maka.”

“Kuma ka iya?” in ji Mai unguwa.

“Ni? Masu sayar da wayar ma ni suke tambaya. Kuma ka rubuta ka ajiye, ranka ya daɗe: mutum yana ƙarya, tsohuwa tana mantuwa, amma hoto ba ya ƙarya. Abin da ya nuna, na yarda a yi hukunci da shi.”

“Lailatu, kin ji?”

Na ce na ji, amma ƙafata ƙafarsa ranar ɗaukar.

Kwana biyu bayan nan aka yi ruwan farko, da ƙasa ta sha iska muka tafi. Na biya na ɗauki ƙawata Helen, wadda gonarta ke gaba da tawa. Tare muka tsufa a bakin dajin nan, ita tana ɗaukar itacenta a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke yi, ni a ka, kowa na ce wa ɗaya za ta karye. Bakoji ya zo cikin babbar riga fara, wai aikin hukuma ne.

Ya tsaya a tsakiyar toka, ya miƙe hannu biyu da waya, ya ce mu yi shiru kada hoto ya girgiza. Ya yi bisimilla ya juya fir kamar mazari. Babbar riga ta naɗe ƙafafunsa, ya tafi gaba ɗaya ya dafa ƙasa da haɓa.

“An ɗauka?” in ji Helen.

“Gwaji ne.”

“To gwajin ya yi kyau, har ƙasa ta samu shiga.”

Ya duba waya ya ce wurin ne bai da tudu. Ya hango wani suri, gidan gara mai tsayin mutum, ya tattare riga ya hau. Ruwa ya riga ya jiƙa shi. Ya fara juyawa a hankali, yana kai rabi sai kan surin ya burme, ƙafarsa ta dama ta shige har gwiwa. Masu gida suka fito karɓar baƙo. Na ga mutane suna rawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin mai yi da ƙafa ɗaya yana tuɓe wando yana salati ba.

Na ce, “Bakoji, ka buɗa yatsu ka ga garar da kyau.”

“Inna, wallahi ki daina, aiki nake yi!”

A karo na uku ya sauko ƙasa, riga ta koma launin toka. Ya saita gindin ɗorawa, ya fara juyawa ta wajen gonarsa, taku kaɗan-kaɗan, harshe a waje. Helen ta gaji da jira, ta saɓa itacen da ta tara ta kama hanya. Ya daka mata tsawa ta tsaya, ta tsaya. Ya juya ta ci gaba, waya ta sake cim mata. Shi kuwa ya yi ta juyawa har ya wuce gonarsa, ya wuce daji, ya wuce tawa, bai tsaya ba sai da jiri ya zaunar da shi.

“Shi ke nan,” ya ce yana haki. “Inna, ki fara neman wata sana'a.”

Kafin Juma'a labari ya gama gari. Bakoji ya kwana biyu yana buɗa yatsu a kan tsagaggiyar fuskar wayar nan, har Allah ya haɗa shi da wani abu mai zagaye, launin ƙasa-ƙasa, kwance cikin toka. Dutsen ubansa! Ya kai shi teburin mai shayi, ya kai shi bakin masallaci, ya hau mota ya kai shi kasuwar Birnin Gwari. Duk wanda ya nuna wa sai ya ce, “Ka ga saran gatarin Baba a jikinsa?” Matarsa Saliha, wadda ba ta taɓa yin miya babu daddawata ba, ta zo ta same ni a tsakar gida.

“Inna, ki yi haƙuri da shi. Ya ce har ya yi wa buhunan kalwa wurin ajiya a ɗakina.”

“Ke kin ga dutsen?”

“Na ga wani abu kamar ƙanzon tuwo.”

Bakoji ya ce waya ta yi wa hujjarsa ƙanƙanta, sai dai a babban talabijin. Aka shirya zama a gidan kallon ƙwallo na Tasi'u, ranar Asabar bayan la'asar. Ban taɓa shiga wurin ba sai ranar. Rumfar kwano ce da benci, amma ta cika har ana leƙe ta taga. Aka kawo wa Mai unguwa kujera a gaba. Ni da Helen da Saliha muka zauna gefe. Tasi'u ya tayar da janareto, ya jona wayar da talabijin, ya miƙa hannu zai taya.

“Kai dai tsaya ga ƙwallonka,” in ji Bakoji. “Wannan aikin masu ilmi ne.”

Hoto ya fito. Wani siririn zare ne ya ratsa tsakiyar allo, sama baƙi ƙasa baƙi, faɗinsa bai kai ɗamarar ɗan dambe ba.

Mai unguwa ya matso da kai. “Ina gonar?”

“Ga ta nan duka, ranka ya daɗe. Da tawa da tata da daji.”

“Ni na ga igiyar shanya.”

“Yanzu zan jawo maka ita.”

Ya buɗa yatsu da ƙarfinsa. Allo ya cika da shuɗi fes, ba ɗigon komai.

“Wannan fa?”

“Sama ce, ranka ya daɗe.”

“Ita ma ta ubanka ce?” in ji wani daga baya.

Bakoji ya ja yatsa ƙasa, ya ja gefe. Sai ga Helen ta bayyana da itace a kafaɗa. Ya ƙara ja, ga wata Helen a gabanta. Ya ƙara, ga ta uku, ita wannan ƙafafu ne kawai da itace suna tafiya, ba kai ba wuya. Rumfa ta kaure da dariya. Helen ta miƙe tsaye ta riƙe ƙugu.

“Bakoji! Ina ka kai kaina?”

“Mama, ke kika motsa.”

“Shekara sittin ina motsi kaina bai taɓa faɗuwa ba sai a wayarka. Kuma waɗannan biyun, wa zai ciyar da su?”

Mai unguwa ya ce a bar Helen uku su wuce, a nuna dutse. Nan aiki ya tsaya. Bakoji ya buɗa, ya samu toka. Ya tsuke, ya koma igiyar shanya. Ya buɗa wani wuri, ga babban yatsan ƙafarsa ya cika allo, farce kamar kofato. Ya tsuke. Ya buɗa, ga wandonsa rataye a kan suri. Gumi ya fara sauka ta gemu. Ya yi ta shiga yana fita kamar kazar da ta manta inda ta yi ƙwai, har Allah ya taimake shi abin nan mai zagaye ya faɗo tsakiyar allo.

“Ga shi! Allahu akbar! Ga dutsen Baba!”

Kowa ya miƙa wuya. Gaskiya abin ya yi kama da dutse.

Mai unguwa ya dube shi ya ce, “Na ga dutse. A ina yake?”

“A gona mana.”

“Ta wane gefen ɗorawa? Ni ban ga itace a nan ba.”

Bakoji ya tsuke don itace ya fito, dutse ya ɓace. Ya buɗa don dutse ya dawo, itace ya ɓace. Sau huɗu yana yi.

“In ka kawo itace ba dutse, in ka kawo dutse ba itace,” in ji Mai unguwa. “Ko ba sa ga maciji ne?”

“Bari in ƙara jawo shi ka ga saran gatari, shi ne shaida.”

Ya ƙara buɗawa. A babban allo abin da tsagar waya ta ɓoye ya fito sarai. Saran gatarin ya zama zane gida-gida, a jere, tsaf. Daga gefen dutsen kuma wani ɗan wuya ya leƙo, da ido guda, da koren ganye a baki.

Saliha ce ta fara magana, a hankali, kamar mai ta'aziyya. “Maigida, dutsen Baba yana kiwo.”

“Kunkuru ne!” in ji Tasi'u.

Benci ɗaya ya kife da mutum biyar. Na ga gefen bakin Mai unguwa yana rawa.

Na ce, “Allah ya jiƙan ubanka, Bakoji, ya kafa maka iyaka mai ƙafa huɗu. Da ka ƙara haƙuri zuwa kaka, da ta kai maka gona har garin Kutemeshi.”

“Dutsen yana ƙarƙashinsa!” in ji Bakoji. “Hawa ya yi!”

Helen ba ta cikin masu dariya. Ta matsa gaban allo ta nuna bakin kunkurun. “Ku tsaya. Wannan da yake ci, ba tohon gamba ba ne?”

Ai kuwa shi ne. Wuta tana cin gamba ta sama ne, saiwa tana nan, ruwan farko yana sauka take tsirowa. Mai unguwa ya ce Tasi'u ya karɓi wayar. Bakoji ya riƙe gam, sai da aka ɓamɓare yatsunsa.

“Ka ja baya,” in ji Mai unguwa, “amma sannu-sannu, kada ka saki kunkurun nan daga idona.”

Tasi'u ya ɗora yatsu ya riƙa tsukewa kaɗan-kaɗan. Kunkuru ya ƙanƙance. Toho na biyu ya fito kusa da shi, na uku, na goma, kore shar a cikin baƙar toka, sun miƙe layi ɗaya kamar sahun salla. Ta dama da layin ga ƙonanniyar bukkar Bakoji. Ta hagu, taku huɗu, ga gindin ɗorawa da tufkar ciyawarta. Ashe duk kwanakin nan da ya yi yana yawo da dutsensa bai taɓa sanin ta wane gefe yake ba. Ya shiga hoto ya manta ƙofar da ya bi.

Da mai hankali ne, da ya haƙura a nan. Bakoji ya fizge waya ya shiga shafa ta da yatsa kamar mai korar ƙuda. Hoto ya yi ta gudu, gonarsa ta wuce, Helen uku suka wuce, daji ya wuce, kunyoyin gonata suka wuce. Can a ƙarshen hoton, inda jiri ya kayar da shi bayan ya zagayo inda ya fara, sai ga ɗorawa ta sake tsayawa, hoton ya yanke daidai gindinta.

“Yauwa! Ga ta nan! Ranka ya daɗe, duba da kyau, ina gamba a nan? Babu! Wannan ita ce ta gaskiya!”

Mai unguwa ya gyara zaman gwiwarsa. “Tasi'u, tsuke mana duka.” Igiyar shanya ta dawo, da itace a wannan baki, da itace a wancan. “Bakoji, ɗorawa nawa ce a gonar nan?”

“Ɗaya ce.”

“A hoton fa?”

Ya ƙirga da ido. “Biyu.”

“To hoton ya yi ƙarya ke nan.”

Kowa ya zuba wa Bakoji ido. Da ya ce e, da an tashi an bar shi da kunyar kunkuru kaɗai. Amma ya kai maganar nan teburin mai shayi, ya kai ta bakin masallaci, ya kai ta Birnin Gwari. Ya ɗaga haɓa.

“Hoto ba ya ƙarya, ranka ya daɗe.”

“Madalla. Ashe ma ba abin faɗa, itace biyu masu nema biyu. Wadda ke tsaye a gona bayan gamba ta Lailatu ce, a je a kwance mata tufka gobe da safe. Ɗayar kuma, wadda kai ka gano, taka ce halak malak, kai da 'ya'yanka. Ba mai taɓa maka ita.”

“A ina zan same ta?”

“Tana aljihunka.”

Washegari ni da Helen muka tafi da gora mai ƙugiya. Birai sun yi ɓarnarsu a rassan sama, amma abin da suka bari ya ishe ni shekara. Muna cikin kaɗo sai ga kunkurun nan yana tafiyarsa, ya riga ya tsallaka cikin gonar Bakoji da nisa. Helen ta ce in yi maza in bi shi, gonata tana ƙaruwa.

Bakoji bai fito teburin shayi ba sai da aka kwana shida, kuma da ya fito cewa ya yi talabijin ɗin Tasi'u ne ba na asali ba. Ni ban riƙe shi a zuci ba. Da daddawar farko ta nuna, na zaɓi ƙwaya ɗaya, 'yar mitsitsiya wadda ba ta kai farcen yatsan ƙafarsa ba, na naɗe ta a ganye na ba Saliha ta kai masa. Nata rabon daban na cika mata kwano.

Ta duba 'yar ƙwayar ta dube ni. “Inna, in ya ce ta yi kaɗan fa?”

Na ce, “Ya ɗora yatsu biyu ya buɗa.”